Tarihin Ƙafar Motar Gudu: Abin Da Ya Sami MGB A Shekarar 1974

Gabatarwa

Idan ana zancen motar gudu, watau irin ƙaramar motar nan mai kujera biyu wadda a ke ƙerawa domin jin daɗin tuƙi, abin da yakan fara zuwa bakin mutane shi ne ƙarfin inji da yawan kilomitocin da ta ke ci cikin awa guda. Amma makanikai sun daɗe da sanin cewa lafiyar mota a kan hanya tana wajen abin da su ke kira ƙafa, watau tayoyi da sifirin da shakazoba da sauran ƙarafan da su ka haɗa su da bodi. Kome ƙarfin inji, wurin da mota ta ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba, kuma aikin ƙafa shi ne ta riƙe waɗannan wurare huɗu manne da hanya, ko a gargada ko a kwana ko lokacin taka birki.

Wannan lacca za ta bi tarihin abubuwa uku daga cikin kayan ƙafa: shakazoba, da sandar hana karkata wadda makanikai ke kira sitabilaiza, da kuma tashin mota, watau tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa. Za a ɗauki motar MGB ta ƙasar Ingila a matsayin babban misali, domin a kanta ne abubuwan nan uku su ka haɗu da dokar gwamnati da lissafin ɗan kasuwa cikin shekara guda. Ɗalibin injiniya zai sami abin dubawa a ciki, haka kuma ma'aikacin gwamnati wanda wata rana za a ɗora wa aikin tsara ƙa'idar da ta shafi rayukan mutane.

Daga Keken Doki Zuwa Shakazoba

Sifirin ya girmi mota. A shekarar 1804 wani maƙerin keken doki a birnin Landan mai suna Obadiah Elliott ya yi rajistar hanyar ɗora jikin keke a kan sifirin na fallayen ƙarfe, kuma motocin farko sun gaji wannan dabara yadda ta ke. Illar sifirin ita ce ba ya cinye bugun da ya karɓa daga hanya. Ajiye shi ya ke yi, sa'an nan ya mayar. Idan taya ta faɗa rami sifirin ya danne, zai miƙe ya wuce inda ya ke da, ya sāke dannewa, mota ta yi ta rawa har sai ƙarfin ya ƙare. A keken doki gogayyar da fallayen ke yi da junansu ta isa ta kashe wannan rawa. Da motoci su ka fara gudun da ya wuce kilomita 100 a awa a farkon ƙarni na 20, sai ta kāsa. Tayar da ke tsalle kuwa, a daidai lokacin da ta ke sama, ba ta jin birki kuma ba ta jin sitiyari.

Maganin farko ya fito daga Faransa, inda wani mai suna Truffault ya ƙirƙiro na'urar gogayya domin keke a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Ba'amurke, Edward Hartford, ya haɗa kai da shi su ka mayar da ita ta mota. Siffarta kamar almakashi ce: hannu ɗaya a ɗaure a jikin mota, ɗaya a ƙafa, a mahaɗarsu kuma akwai faya-fayai da a ka matse da noti. In an ƙara ɗaure notin ƙafa ta yi tauri, in an sassauta ta yi laushi. Motocin gudu na Ingila na shekarun 1920 da 1930, har da na kamfanin MG, da irin wannan su ka yi aiki. Tun a wancan zamani ke nan mai mota ya sāba da shiga ƙarƙashinta da sifana domin ya sāke halinta.

Aibin na'urar gogayya shi ne takan cije a ƙananan gargada, ta kuma yi sakwa-sakwa a babban bugu. Saboda haka wani Bafaranshe, Maurice Houdaille, ya fito da mai aiki da mai wajen shekarar 1908. A cikinta motsin ƙafa ne ke tura mai ta wata ƙaramar kafa, kuma gwargwadon saurin motsin gwargwadon turjiyar man, abin da a ke bukata ke nan. Ta zama gama-gari bayan da kamfanin Ford ya sa ta a motarsa Model A a shekarar 1927. Daga baya a ka sami shakazoba mai siffar bututu da fistin a ciki, wadda kowa ya sani yau.

Aikin shakazoba kowace iri shi ne ta juyar da motsi ya zama zafi. A kan doguwar hanya mai gargada man yakan yi zafi ya gauraya da iska ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta turjiya, sai direba ya ji mota ta saki jiki. A farkon shekarun 1950 Christian Bourcier de Carbon na Faransa ya magance wannan da ya sa iskar gas mai matsi a ƙarshen bututun, a bayan wani fistin na biyu, domin ta danne man kada ya yi kumfa. Kamfanin Bilstein na Jamus, wanda ya fara a 1873 da ƙera ƙarafan taga, ya ɗauki wannan dabara, kuma a 1957 a ka fara sa irinta a motocin Mercedes-Benz tun daga masana'anta. A ƙasar Holan kuwa akwai kamfanin Koni, wanda ya fara a 1857 da ɗinkin kayan doki na fata. A 1945 ya fito da shakazoba ta bututu wadda a ke iya ƙara mata tauri ko a rage. Waɗannan kamfanoni biyu su ne daga baya su ka yi suna a wajen masu motocin gudu da ke cire ta masana'anta su sa wata.

Sandar Hana Karkata

Sa'ad da mota ta sha kwana, nauyinta yakan koma kan tayoyin da ke wajen kwanar, bodi ya karkata can. Muddin a na amfani da sifirin mai tauri na fallaye, karkatar ba ta da yawa. Amma a shekarun 1930 kamfanonin Amurka su ka koma ga sifirin mai laushi na naɗi, kowace tayar gaba kuma ta sami 'yancin motsi ita kaɗai, domin fasinja ya ji daɗin zama. Maurice Olley, injiniyan Ingila da ya bar Rolls-Royce ya koma Cadillac a 1930, yana cikin waɗanda su ka jagoranci wannan aiki. Da sifirin ya yi laushi sai mota ta riƙa kwanciya a kwana fiye da kima, dole a ka nemi abin da zai hana karkata ba tare da ya maido da taurin da a ka gudu ba.

Abin yana nan tun da wuri, gama a shekarar 1919 wani mutumin Kanada mai suna Stephen Coleman, na garin Fredericton, ya yi rajistarsa. Sanda ce ta ƙarfen sifirin wadda a ka lanƙwasa bakinta biyu, tsakiyarta a ɗaure a jikin mota, bakin dama a ƙafar dama, na hagu a ƙafar hagu. Idan tayoyin biyu sun hau tudu tare, sandar juyawa kawai ta ke yi, ba ruwanta. Idan ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, kamar yadda ya ke faruwa a kwana, sai ta murɗe, ta yi ƙoƙarin daidaita su.

A nan akwai abin da masu mota da yawa ba su gane ba. Sandar ba ta rage yawan nauyin da ke komawa waje. Wannan ya dogara ga nauyin mota da faɗin tsakanin tayoyinta da tsayin cibiyar nauyinta da kuma tsananin kwanar. Abin da ta ke yi shi ne rabon wannan nauyi tsakanin gaba da baya. Ita kuwa taya tana da wani hali: in an ninka nauyin da ke kanta, riƙonta da ƙasa yakan ƙaru amma ba ya ninkuwa. Don haka ɓangaren da ya fi ɗaukar juyin nauyi shi ke fara sakin hanya. In an ƙara kaurin sandar gaba, gaban mota ne zai fara zarcewa, ta buɗe kwanar. Direba na yau da kullum yakan tsira daga wannan ta hanyar ɗaga ƙafa daga totur. In an ƙara kaurin ta baya, bayan mota ne zai fara zamewa, ta nemi juyowa ta fuskanci inda ta fito, wannan kuwa sai gwani. Daɗin daɗawa, taurin sanda yana hawa da sauri ƙwarai a kan kaurinta: sanda mai kaurin milimita 19 ta kusa ninka mai milimita 16 tauri, ko da ya ke ido da ƙyar ya ke bambanta su.

Corvair Da Shigowar Doka

Sandar da ba kowa ke ganinta ba ta shiga siyasar Amurka ta dalilin motar Chevrolet Corvair, wadda kamfanin General Motors ya fitar a ƙarshen 1959. Injinta a baya ya ke, don haka bayanta ya fi gabanta nauyi, kuma irin ƙafar bayanta takan sa taya ta naɗe ciki a kwana mai tsanani. Kamfanin ya fitar da ita ba tare da sandar gaba ba, ya dogara ga bambancin iskar taya: awo 15 a gaba, 26 a baya. Mai faci da ya cika tayoyin huɗu daidai wa daida, kamar yadda ya sāba yi wa sauran motoci, ya ɓata wannan lissafi ke nan bai sani ba. 'Yan kasuwa masu zaman kansu su ka fara sayar da ƙarafan gyaran ƙafar bayan tun kafin kamfanin ya motsa. Sai a samfurin 1964 a ka sa sandar gaba a kowace Corvair, a na 1965 kuma a ka sāke ƙafar bayan gaba ɗaya.

A watan Nuwamba na 1965 wani lauya matashi, Ralph Nader, ya buga littafinsa Unsafe at Any Speed, babinsa na farko a kan Corvair. Kamfanin ya sa a bi diddigin rayuwarsa, asiri ya tonu, har shugaban kamfanin, James Roche, ya nemi gafara a gaban kwamitin Majalisar Dattawa a watan Maris na 1966. A watan Satumba na wannan shekara Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon tsara ƙa'idojin lafiyar motoci. Gaskiya ne cewa binciken hukumar kula da lafiyar hanya na 1972 ya nuna Corvair ta farko ba ta fi takwarorinta na lokacin haɗari ba, amma kafin nan an daina ƙera ta tun 1969, doka kuma ta riga ta kafu. Daga cikin ƙa'idojin da su ka biyo baya akwai ta bamba: daga samfurin 1974, a wancan lokaci ya zama wajibi gaban mota da bayanta su jure karon mil 5 a awa, kimanin kilomita 8, ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba, kuma an ƙayyade tsayin da bambar za ta karɓi bugun.

Abin Da Ya Sami MGB

Kamfanin MG ya tashi a Oxford a shekarun 1920 a hannun Cecil Kimber, ya koma garin Abingdon a 1929. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motocinsa su ka sami karɓuwa a Amurka, har ta zama babbar kasuwarsa. MGB ta fito a watan Satumba na 1962 a ƙarƙashin babban injiniya Syd Enever, da inji mai cc 1,798 da ƙarfin doki 95. Ƙafarta ba sabon abu ba ce ko a lokacin: sifirin naɗi a gaba, sifirin fallaye a baya, da shakazoba mai hannu ta kamfanin Armstrong, wadda a gaba hannunta ne ma ke riƙe da saman ƙafar. Amma motar ta zauna ƙasa-ƙasa, nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, tana kuma sanar da direba tun kafin ta saki hanya. Rufaffiyarta mai suna GT ta fito a 1965 da sandar gaba, daga baya a ka mayar da sandar ta zama ta kowace MGB.

A 1968 MG ta shiga cikin babban kamfanin British Leyland, wanda ya yi fama da ƙarancin kuɗi da yajin aiki har gwamnatin Ingila ta karɓe shi a 1975. A cikin wannan hali ne ƙa'idojin Amurka su ka iso. MGB ta yi ƙasa da tsayin da a ke bukata. Hanya biyu ce a gaban kamfanin: ko a sāke fasalin gaban motar da bayanta, abin da zai ci sababbin injunan buga bodi, ko kuwa a ɗaga motar dukanta. Sai a ka zaɓi mai araha. Daga watan Satumba na 1974 a ka ɗaga MGB da kimanin inci 1, watau milimita 25, a ka cire bambarta ta farin ƙarfe a ka sa baƙa mai kauri, roba a waje ƙarfe a ciki. A wannan lokaci kuma, domin rage kuɗi, a ka daina sa sandar gaba a buɗaɗɗiyar motar. Ba masu saye na Amurka kaɗai abin ya shafa ba, gama kamfanin bai iya ƙera iri biyu ba. Mai saye a Ingila ma ita ya samu.

Ya kamata a auna kowane canji shi kaɗai. A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,000, cibiyar nauyinta santimita 50 daga ƙasa, tsakanin tayoyinta santimita 125, tana shan kwana da ƙarfin da ya kai kashi 70 cikin 100 na nauyinta. Nauyin da zai koma tayoyin waje kilo 280 ne. In an ɗaga cibiyar da santimita 2.5 zai zama kilo 294, ƙarin kashi 5 cikin 100. Wannan shi kaɗai ba zai rushe mota ba. Amma an ƙara nauyi a can ƙarshen gaba da ƙarshen baya, inda ya fi wahalar juyawa da tsayarwa, sa'an nan a daidai lokacin da motar ta fi bukatar abin da zai hana ta karkata a ka cire shi, kuma daga gaba a ka cire, watau an tura rabon juyin nauyi zuwa baya. Sakamakon shi ne mota mai kwanciya a kwana, wadda bayanta ke saurin zamewa. A Amurka kuma ƙa'idojin hayaƙi sun sa ƙarfin injin ya faɗo ƙasa da doki 70. Dokar da a ka yi domin kare fitila a ƙaramin karo ta ƙare da rage wa direba ikon kauce wa babban karo. Garin neman gira an taɓa ido.

Mujallun motoci sun yi ta suka, kamfanin kuma ya ji. A samfurin 1977 a ka maido da sandar gaba, a ka ƙara wata a baya, motar ta sami sauƙi ƙwarai, ko da ya ke tashin bai sauka ba har ƙarshe. A watan Satumba na 1979, kwanaki kaɗan bayan bikin cikar masana'antar Abingdon shekara 50, shugabancin Michael Edwardes ya ba da sanarwar rufe ta, gama darajar fam ta hau har kowace motar da a ka sayar a Amurka hasara ce. An rufe a watan Oktoba na 1980, bayan an ƙera MGB fiye da 500,000.

Kasuwar Kayan Canji

Abin da masana'anta ta bari, kasuwa ta ɗauka. Masu MGB mai baƙar bamba su ka riƙa sayen gajeren sifirin na gaba da abin sauke na baya domin maido da motar inda Enever ya aje ta, da sandar gaba mai kaurin milimita 19, da kayan da za su ba da damar cire shakazoba mai hannu a sa ta bututu irin ta Koni ko Spax. Ƙananan kamfanoni da yawa a Ingila da Amurka sun rayu a kan wannan ciniki. A 1988 kamfanin British Motor Heritage ya koma buga sabon bodin MGB da ainihin injunan da, kuma a 1992, da kamfanin Rover ya farfaɗo da motar da sunan MG RV8, shakazobar bututu ta Koni ya sa mata. Masana'anta ta bi sawun masu saye bayan shekara 30. Darasin bai tsaya a Ingila ba: Mazda MX-5 ta Japan, wadda ta fito a 1989 ta gaji kasuwar MGB, ta zo da ƙafa mai 'yanci a tayoyi huɗu da sanda gaba da baya, kuma a 2016 an ƙera ta miliyan ɗaya.

Sai dai kasuwar kayan canji tana da nata kurakurai, kuma kusan dukansu irin na British Leyland ne, watau taɓa abu ɗaya a manta da sauran. Wanda ya sauke mota fiye da kima ya rage wa ƙafa wurin motsi, sai ta riƙa dukan robar ƙarshe, a lokacin kuwa tamkar babu sifirin ne, taya ta yi tsalle ta bar hanya. Saukewar tana kuma sāke kusurwar hannayen ƙafa, har wani lokaci karkatar ta ƙaru maimakon ta ragu. Wanda ya sa sifirin mai tauri ya bar tsohuwar shakazoba, ya ba ta aikin da ya fi ƙarfinta. Wanda ya murɗa shakazoba zuwa ƙarshen taurinta zai ji motar ta yi ƙarfi a hannu, amma a gargada ƙafa ba za ta iya miƙewa da sauri ta bi ramin ba. Wanda kuma ya sa sanda mai kauri a baya kaɗai ya mayar da motar da ke gafarta kuskure ta zama mai hukunta shi. Saboda irin wannan ne a ƙasar Jamus doka ta tanadi cewa kayan ƙafa na canji sai suna da takardar amincewa, a lokuta da yawa kuma sai masu binciken motoci irin na TÜV sun duba an rubuta canjin a takardun motar, in ba haka ba izinin hawanta hanya ya faɗi.

Tashin Mota A Filin Tsere Da Dajin Afirka

Babu tashi guda da ya dace da kowace hanya, kuma shekarar 1978 ta nuna haka ta fuska biyu. A tseren Formula 1 motar Lotus 79 ta ci gasar duniya a hannun Mario Andretti, domin an siffanta cikinta yadda iskar da ke bi ta ƙarƙashi za ta tsotso ta zuwa ƙasa. Gwargwadon kusancinta da kwalta gwargwadon riƙonta. Gudun kwana ya yi yawa, sai hukumar tseren ta kafa ƙa'ida a 1981 cewa tazarar ba za ta gaza santimita 6 ba. Amma a tsaye a ke aunawa, don haka Gordon Murray na ƙungiyar Brabham ya ƙera ƙafar da ke sauka in mota tana gudu, ta tashi in ta rage gudu za ta shiga wurin awo. Sai a 1994, bayan mutuwar Ayrton Senna a Imola, a ka sami ƙa'idar da ba ta ruɗuwa: katako mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin mota, wanda in ya goge fiye da milimita 1 an karya doka. A wannan shekara a ka ƙwace wa Michael Schumacher nasarar da ya yi a Beljiyam saboda katakon.

A ɗaya gefen, a tseren Safari na ƙasar Kenya na 1978, mai tsawon kusan kilomita 5,000 a kan turɓaya da laka, kamfanin Porsche ya ɗaga motarsa 911 har cikinta ya kai santimita 28 daga ƙasa, da doguwar shakazoba. Duk da haka ta biyu ta zo a hannun Vic Preston ƙarami. Wadda ta ci ita ce Peugeot 504 mai kujerun gaba da inji V6, a hannun Jean-Pierre Nicolas, 'yar'uwar 504 ɗin da a ka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda sunanta a Afirka ya samo asali daga doguwar ƙafarta mai laushi. Porsche ya koyi darasi: ya ci tseren Paris zuwa Dakar a 1984 da 1986 a hannun René Metge, a zamanin da tseren ke ratsa hamadar Tenere da Agadas a ƙasar Nijar, kuma motarsa 959 da a ka sayar wa jama'a ta zo da maɓallin ɗaga ta ko sauke ta daga kujerar direba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa shakazoba da sanda da tashi lissafi ɗaya ne, in an taɓa ɗaya sauran sun motsa. Hukumar Amurka ta rubuta tsayin bamba da niyya mai kyau, amma ba ta tambayi wace hanya mafi araha kamfani mai fama da talauci zai bi ya cika ta ba. British Leyland ya cika harafin doka, ya kuma ƙara da tsimin sanda ɗaya, sai da a ka yi shekara biyu a na sayar wa mutane motar kafin a gyara. Hukumar tsere ta auna mota a tsaye alhali haɗarin a guje ya ke, sai da ta koma auna abin da gudu ya bari a jikin katako.

Tambayar da ta fito daga MGB tana nan a kowace tashar makanikai inda a ke cusa ƙarfe ko roba a kan sifirin domin a ɗaga motar da a ka ƙera saboda titunan Turai, kada cikinta ya daki tudun hanya. Bukatar gaskiya ce, kamar yadda ta Porsche ta kasance a Kenya. Bambancin shi ne Porsche ya sāke shakazoba da sifirin da sanda tare da tashin, ya kuma gwada. Ga ɗalibin da zai zama injiniya, abin riƙewa shi ne ya lissafa abin da canji zai jawo a sauran sassa kafin ya sa sifana. Ga ma'aikacin da zai tsara ƙa'idar shigo da kayan gyara ko ta binciken motoci, abin riƙewa shi ne ya auna halin motar a kan hanya, ya kuma tambayi kansa tun kafin ya sa hannu: wace hanya mafi araha za a bi a cika wannan ƙa'ida, kuma wa zai biya abin da a ka tsimi?